Kafin A Ɗaure Kaya, A Tambayi Abin Da Gari Ke Ci

A kowace shekara, da zarar jami'o'i da manyan kwalejoji sun yaye ɗalibansu, masu yi wa ƙasa hidima kuma sun karɓi takardar sallama, sai a ga tashoshin mota sun cika da samari da 'yan mata, kowa da akwatinsa, da ambulan ɗin takardun shaida a hammata. In aka tambaye su ina aka nufa, amsar ba ta wuce wurare huɗu: Abuja, Kano, Kaduna ko Ikko. Da wuya a ji wanda ya ce ya nufi Azare ko Funtuwa ko Haɗejiya, sai fa in can ne garinsu. Wanda ma aka ba shi aiki aka tura shi irin waɗannan garuruwa, yakan ɗauki abin tamkar horo, ya shiga safa da marwa a ofisoshin hedkwata yana neman wanda zai sa baki a soke turin.

Wannan ɗabi'a ta daɗe a Jihohin Arewa har ta zama kamar gado. Amma zamani ya juya, lissafin da ya yi wa iyaye daidai bai yi wa 'ya'ya ba. Ga mafi yawan matasan da ke shirin fara rayuwar kansu a yau, matsakaicin gari ya fi babban birni riba. Sai dai akwai sharaɗi, domin ƙananan birane ba ɗaya suke ba: wani yana tashi, wani kuwa zamaninsa ya riga ya wuce. Kafin saurayi ya ɗauki shekarunsa mafi ƙarfi ya kai wa wani gari, wajibi ne ya fara da tambaya guda: shin wannan gari me yake ci? Wato ta wace ƙofa kuɗi ke shigo masa, kuma in wannan ƙofa ta rufe, yana da wata?

LISSAFIN BABBAN BIRNI

Bari a fara da abin da ke jan mutane zuwa manyan birane. Babu mai musun cewa a can ne manyan ofisoshi suke, da bankuna da kamfanoni, a can ne kuma ake jin labarin gurbin aiki tun kafin a buga shi a jarida. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai digirin da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka a mataki na 8, ma'aunin albashinsa ɗaya ne, ko a Abuja aka ajiye shi ko a Gashuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne, alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima kuma ya koma Naira 77,000 a 2025. Kuɗin iri ɗaya ne a ko'ina, abin da suke iya saye ne ya bambanta.

A Abuja mai gida yakan nemi kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, wani ma na shekara biyu, ga kuma la'adar dillali. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da wannan ƙarfi, saboda haka sai ya gangara Mararraba ko Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja a Jihar Neja. Daga can zai riƙa fitowa tun da asuba, ya koma bayan isha'i, ya bar sa'o'i masu yawa a cunkoson motocin Nyanya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 1 ga wata ko 30, kuɗin mota ne ke fara cin albashin kafin a zo kan cefane, kuma haka abin yake tun daga shekarar 2023 ɗin. Mutumin da ke cikin wannan hali yana da adireshin ofis a babban birnin ƙasa, amma ba shi da lokacin ƙaro karatu ko riƙe wata sana'a, balle abin tarawa. Shekara biyar za ta wuce yana nan inda ya fara, sai dai takalman da ya kashe.

Haka nan kada a manta, manyan biranen su ma sun ga ta kansu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957, wadda ta jawo dubban ma'aikata daga ko'ina cikin Arewa, ta rufe a 2002, sauran masaƙun unguwar kuma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. A Kano, wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Challawa zai ga masana'antu da yawa da kwaɗo a ƙofa. Mutane suna ta ƙaruwa, guraben aikin da suka jawo su tun farko suna raguwa. Girman gari dai bai zama lamunin abinci ba.

DARASIN ZUNGERU DA NGURU

To, amma wannan ba hujja ba ce ta a rufe ido a faɗa kowane ƙaramin gari. Tarihin ƙasar nan cike yake da garuruwan da suka tashi da ƙafa ɗaya, ƙafar ta karye, suka zauna. Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, ita ce hedkwatar mulkin Turawa a Arewa tun daga 1902. Akawuna da masinjoji da 'yan kasuwa suka yi ta kwarara can, har a garin ne aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904, lokacin da mahaifinsa ke aikin akawu. Da aka ɗauke hedkwata aka mai da ita Kaduna a 1917, sai garin ya koma kamar an yi ruwa an ɗauke. Ofis ne ya kawo mutane, da ofis ya tashi suka bi shi.

Nguru da Ƙaurar Namoda kuwa jirgin ƙasa ne ya ɗaga su. Dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura a 1929, ya kai Nguru a 1930, kuma a garuruwan nan biyu ya tuƙe. Kasancewarsu ƙarshen dogo ya sa gyaɗa da auduga da fatu da ƙaro da shanun ƙasashen da ke kewaye duk sai sun biyo ta nan, kamfanonin Turawa da Larabawa suka kafa kantuna, leburori da dillalai suka cika gari. Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, manyan motoci suka ƙwace wa jirgi lodi, sannan aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Garuruwan ba su mutu ba, domin Nguru tana da kifin fadamarta da babban asibiti, Ƙaura tana da kwalejin fasaha ta Tarayya, amma babu mai cewa suna nan kamar zamanin da ake jin kukan jirgi dare da rana. Saurayin da ya koma can a 1960 ya yi zaɓi mai kyau a ganinsa. Abin da bai lura da shi ba shi ne, arzikin garin a kan dogo kaɗai yake tafiya.

GARI MAI ƘAFA ƊAYA

A wannan zamani, ƙafa ɗayan da ta fi yaudarar matasa ita ce albashin gwamnati. An raba ƙasar nan jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Kowane rabo ya haifar da sababbin hedkwatoci. A Arewa an sami Dutse, Damaturu, Birnin Kebbi, Jalingo da Lakwaja a 1991, aka kuma sami Gusau, Gombe da Lafiya a 1996. Wasu daga cikinsu, kamar Gusau da Gombe, dama can garuruwan ciniki ne, hedkwata ta zo ta tarar da su a tsaye. Wasu kuwa, kamar Dutse da Damaturu, ƙananan garuruwa ne da sakatariya ta ɗaga su.

Garin da sakatariya ta ɗaga yana da tituna masu faɗi da gidajen gwamnati, yana kuma da natsuwa. Amma kasuwarsa da wata take numfashi. In an biya albashi, tela da mahauci da mai kanti duk su ji a jikinsu. In wata ya raba, sai a buɗe littafin bashi. Lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, jihohi da yawa suka kasa biyan ma'aikata har sai da Gwamnatin Tarayya ta ba su rancen ceto a 2015, an ga yadda garuruwan da ba su da wata ƙofa suka yi tsit. Wanda ke da takardar kama aiki a hannu yana iya zama a irin wannan gari ya ji daɗi. Wanda zai je neman aiki ko kafa sana'a kuwa, ya dace ya sani cewa abokan cinikinsa duk ubangida ɗaya suke jira.

Haka abin yake ga garin da ya dogara da makaranta kaɗai. A 2011 an kafa sababbin jami'o'in Tarayya a Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Lafiya, Lakwaja da Wukari, a 2013 aka ƙara da Gashuwa, Gusau da Birnin Kebbi. Ba shakka sun kawo alheri ga masu ɗakunan haya da masu abinci da masu buga takardu da 'yan acaɓa. Amma da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas a 2022, bayan dogon yajin da suka yi a 2020, ɗakunan suka zama wayam, ciniki ya tsaya cak. Garuruwan kan iyaka ma, irin su Maigatari da Jibiya da Illela da Kamba, sun ɗanɗana kuɗarsu sau biyu: da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da kuma da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wadda Nijeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai a watan Maris na 2024.

GARI MAI ƘAFAFU DA YAWA

Garin da ya cancanci matashi ya kafa turke a cikinsa shi ne wanda in ƙafa ɗaya ta yi targaɗe sauran za su ɗauke shi. A ɗauki Azare. Tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ita ce hedkwatar masarautar Katagum, tana da kasuwa mai ci, da babban asibitin Tarayya, da kwalejin horon malamai, da jami'ar kimiyyar lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma ƙasar noma a kewaye. In ɗalibai sun tafi hutu, masu jinya suna nan. In albashi ya makara, motocin hatsi ba su fasa lodi ba.

A ɗauki Potiskum. Ba ita aka ba hedkwatar Jihar Yobe ba, amma kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, garin ya yi suna wajen sufurin manyan motoci, kuma hanyoyin Kano da Bauci da Gombe da Maiduguri da Gashuwa duk a nan suka haɗu. Funtuwa ma mararraba ce tsakanin Zariya da Gusau da Katsina, a tsakiyar ƙasar auduga da masara. Bida tana da shinkafar fadamun Neja, da maƙeran tagulla da masu aikin gilas na Masaga, da kwalejin fasaha, da asibitin Tarayya, ga cibiyar binciken hatsi a Badeggi kusa da ita. A Jihar Kebbi, noman shinkafa ya jawo manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a can a Nuwambar 2015. Gombe kuwa ita ce babbar shaida. Hedkwata ta zo ta tarar da cinikin auduga da hatsi, da hanyoyin Bauci da Yola da Biu, da kamfanin siminti na Ashaka a arewacinta, shi ya sa a cikin shekarun da suka biyo bayan 1996 ta bunƙasa har ta kusa fita daga sahun ƙananan birane.

Gane irin wannan gari ba ya bukatar digiri a ilmin tattalin arziki. A je ranar kasuwa a tsaya a bakin hanya, a lura ko motocin da suka shigo da kaya suna fita da wani kayan, ko kuwa wayam suke komawa. A duba sababbin gine-gine, na gwamnati ne kaɗai ko har da na talakawan gari. A tambaya ko 'ya'yan garin da suka yi karatu suna dawowa su zauna. A kuma duba ko 'yan kasuwar Kudu masu sayar da kayan gyaran mota da kayan gini sun kafa shaguna, domin su ba su kama shago sai sun gama lissafi.

RUWA DA ASIBITI DA HANYA

Bayan abin da gari ke ci, sai abin da yake sha. Gani ya kori ji, saboda haka wanda ke da niyyar komawa wani gari ya dace ya ziyarce shi sau biyu kafin ya biya kuɗin haya. Ya je da bazara, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, ya tambayi 'yan ga-ruwa nawa suke sayar da jarka, ya ga ko famfo na kawo ruwa ko kuwa ado ne a tsakar gida. Ya sake komawa cikin Agusta, ana tsakiyar marka, ya ga unguwannin da ruwa ke kwanciya da hanyoyin da ke yankewa. Ƙasar Haɗejiya tana da albarkar shinkafa da alkama da kifi, amma kogin da ya ba ta wannan albarka shi ne ya yi ambaliya a 2020 da 2022. Lakwaja ta sha ruwa a 2012 da 2022, Mokwa kuma ta yi mummunar asarar rayuka a Mayun 2025. Wannan bai hana zama a waɗannan garuruwa ba, amma ya wajabta wa baƙo ya san tudu ya san kwari kafin ya sayi fili.

Asibiti ma abin dubawa ne, ko da yake mai shekara ashirin da biyar ba ya tuna cuta. Nan da 'yan shekaru zai yi iyali, kuma ranar da naƙuda ta zo da gardama cikin dare, tazarar da ke tsakaninsa da likitan da zai iya tiyata ita ce komai. Garuruwa irin su Azare, Nguru, Birnin Kudu, Bida, Keffi, Gusau da Birnin Kebbi suna da manyan asibitocin Gwamnatin Tarayya, wannan kuwa babban nauyi ne a ma'auni.

Sai maganar tsaro, wadda ba a iya tsallake ta a wannan zamani. Damaturu ta ga mummunan hari a Nuwambar 2011. Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a Oktobar 2014 kafin a ƙwato ta a watan da ya biyo. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, a Satumbar 2023 kuma aka sace ɗaliban jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen hayarsu a bayan gari. Babban birni ma bai tsira ba, domin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna aka tare a Maris na 2022. Abin lura shi ne, halin tsaro yana sauyawa, garin da aka guje shi jiya yana iya samun lafiya yau, kamar yadda kasuwar Mubi ta sake cika. Saboda haka tsohon labari ba ya isa. Direbobin tasha sun fi kowa sanin hanyar da ake bi da dare da wadda ba a bi ko da rana tsaka, matambayi kuwa ba ya ɓata.

BAƘO DA 'YAN GARI

Akwai wata matsala da ba ta ruwa ba ce ba ta hanya ba, wato takardar shaidar asali. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Nijeriya, amma a aikace gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi 'yan asalinsu suke ɗauka aiki, baƙo in an ɗauke shi sau da yawa a kan kwantiragi ne, ba shi da fansho. Wanda zai koma garin da ba a jiharsa yake ba, ya san wannan tun da wuri. Ƙofofinsa su ne ma'aikatun Tarayya, da kamfanoni, da makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da sana'ar hannunsa.

Ita kuwa budurwar da aka tura aikin jinya ko koyarwa, nauyinta ya fi na namiji, domin a garuruwa da yawa masu gidaje ba su son ba da haya ga macen da ba ta da aure, kuma idon jama'a yana kanta. Ya dace ta tabbatar da masauki tun kafin ta tashi, ko a gidajen ma'aikata, ko a hannun wani gida na mutunci da iyayenta suka amince da shi.

Zaman baƙunci dai ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Fataken da suka kafa zanguna a Salaga da Kumasi, da waɗanda suka zauna a Sabo ta Badun, ba su sauka a gari haka kawai ba. Sukan nemi mai masauki, su gai da masu gari, su koyi abin da aka hana da abin da aka yarda da shi. Wannan ƙa'ida tana nan. Ɗan bokon da ya sauka ya gai da mai unguwa, yana zuwa suna da jana'iza, bai raina kowa ba, kafin shekara ta zagayo ya zama ɗan gari. Ana kuka da sa-idon ƙaramin gari, kuma gaskiya ne, amma wannan ido kaifi biyu gare shi. Inda kowa ya san wanda ya makara da wanda ya ci bashi, a nan ne kuma kowa ke sanin malamin da ɗalibansa ke cin jarrabawa da makanikin da ba ya ha'inci. Sunan da zai ɗauki mutum shekara goma bai yi shi a Kano ba, yana iya yin sa a shekara biyu a Gumel.

RIBAR DA KE CIKI

Babbar ribar ƙaramin birni ita ce ƙarancin masu gwaninta. Likitan dabbobi, masanin haɗa magunguna, mai gwajin jini, mai haɗa wutar hasken rana, mai gyaran tarakta da injin ban-ruwa, akanta mai iya tsara littafin ɗan kasuwa, duk waɗannan a babban birni ɗaya ne cikin ɗaruruwa, a nan kuwa nemansu ake yi. A ofis ma, ƙaramin jami'in da aka tura reshe yakan riƙe aikin da a hedkwata sai ya yi furfura zai taɓa shi, ta haka yake gogewa da wuri. Yana tashi daga aiki ya isa gida cikin 'yan mintoci, yana iya yin gona ko kiwo, yana iya sayen fili tun yana saurayi. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, intanet kuma ta biyo baya, nisan da ke tsakanin ƙaramin gari da duniya ya ragu ƙwarai, har ana iya karatu da ciniki da aika kuɗi ba tare da an hau mota ba.

Adalci ne a faɗi cewa akwai waɗanda wannan shawara ba ta shafe su ba. Likitan da ke neman ƙwarewa a wani fanni na musamman, da lauyan da ke son gogewa a manyan shari'o'in kamfanoni, da mai son sana'ar fim ko aikin jarida na ƙasa, dole su je inda malaman sana'arsu suke. Su ma dai sai su tafi da lissafi, su san shekarun da za su yi da abin da za su dawo da shi. Abin da ake suka shi ne tafiyar da ba ta da dalili sai don a ce wane yana Abuja.

NAUYIN DA KE KAN HUKUMA

Hukumomi su ma suna da laifi a cikin raina ƙananan garuruwa. Muddin ana amfani da canjin wurin aiki a matsayin bulala ga wanda ya saɓa wa shugabansa, ba za a daina ganin turi zuwa reshe a matsayin horo ba. An sha kuka da manyan jami'an da ke aiki a sababbin hedkwatoci alhali iyalansu suna tsofaffin birane, ranar Juma'a ta yi su kama hanya, albashin da aka biya a wannan gari a kashe shi a wancan. Wanda ya ƙi zama a garin da yake mulki ba shi da bakin da zai ce wa yaro ya zauna.

Abin da ake bukata a bayyane yake. A gina wa malamai da ma'aikatan jinya gidaje a inda aka tura su. A biya alawus na musamman ga masu aiki a nesa, a kuma sa shekarun da mutum ya yi a reshe su zama abin dubawa wajen ƙarin girma. A ba ruwan sha da wutar lantarki muhimmancin da ake ba shatale-tale da ƙofar gari. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, in an aiwatar da shi da gaskiya, ƙananan birane ne za su fara ganin amfaninsa. Haka nan dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, zai ƙara wa garuruwan nan ƙafa, da sharaɗin kada su maimaita kuskuren jingina da dogo kaɗai.

Ga ɗalibin da ke shekararsa ta ƙarshe, da mai yi wa ƙasa hidimar da ya kusa sallama, lokacin wannan bincike yanzu ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya zaɓi garuruwa biyu ko uku da sana'arsa za ta yi daraja a cikinsu, ya kashe kuɗin mota ya je ya kwana, ya zauna da direbobi da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikatan da suka riga shi zuwa, ya rubuta kuɗin haya da na ruwa da na cefane a takarda, ya kwatanta da na babban birnin da yake mafarki. In ya gama wannan ya ga har yanzu Abuja ce ta fi masa, sai ya tafi da ƙarfin zuciya. Amma da yawa daga cikin waɗanda za su yi wannan lissafi da gaskiya, motar Azare ko ta Potiskum za su shiga.